JAJIBEREN IDIN DUKAN TSARKAKA: ME MUKE SAWA A HANNUN ƘANANANMU?



Yayinda watan Oktoba, watan Rosari, yake gab da ƙarewa, waɗansu iyaye da malaman makarantun reno sun kawo mana tambaya. Sun ga hotunan yaran Amurka a wayoyinsu, sanye da tufafin ban tsoro, riƙe da kabewa da aka fafe aka yi mata idanu da haƙora, a bikin da ake kira Halowin, daren 31 ga Oktoba. Tambayarsu ita ce: ya dace ɗan Katolika mai shekara uku ko huɗu ya yi ayyukan hannu irin na wannan biki? Tambayar ta cancanci amsa, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, abin da yaro ya fara yi da hannunsa kuwa yakan daɗe a zuciyarsa.

Asalin bikin

Bari mu fara da sunan. Kalmar Halowin ta fito ne daga tsohon Turanci, ma'anarta kuwa jajiberen Dukan Tsarkaka, watau daren da yake share hanya ga babban idi na 1 ga Nuwamba. Idin nan ya daɗe a Ikkilisiya. A farkon ƙarni na 7 Paparoma Bonifas na Huɗu ya keɓe wani tsohon haikalin gumaka a birnin Roma domin girmama Budurwa Maryamu da dukan shahidai. Paparoma Giregori na Uku, wanda ya yi mulki daga 731 zuwa 741, ya keɓe ɗakin addu'a a Majami'ar Bitrus domin dukan tsarkaka. A ƙarni na 9 kuwa ranar 1 ga Nuwamba ta kafu a ƙasashen Turai. Daga baya Odilo mai tsarki, shugaban gidan sufaye na Kuluni a Faransa, wanda ya rasu a 1049, ya umarci sufayensa su yi wa dukan matattu masu bi addu'a ranar 2 ga Nuwamba, al'adar kuma ta bazu ko'ina.

Amma a ƙasar Ailan da ta Sikotilan, lokacin nan ya haɗu da tsohon bikin ƙarshen kaka da shigowar hunturu, inda mutane sukan hura wuta, su sake kama, su faɗi labaran fatalwa. A Ingila kuma matalauta sukan bi gida gida ana ba su ƙaramin gurasa, su kuwa su yi alkawarin yi wa matattun gidan addu'a. Mutanen Ailan sukan fafe wani saiwa mai kama da gwaza su sa masa wuta a ciki. Sa'ad da yunwa ta kore su zuwa Amurka daga 1845, suka tafi da al'adunsu, suka iske kabewa ta fi girma ta kuma fi sauƙin fafewa. A ƙarni na 20 sai 'yan kasuwa suka shiga, bikin ya zama na alewa da kayan sawa. Addu'ar da ake yi wa matattu ta faɗi a hanya, alewar ta tsira.

Abin da ƙananan Amurka suke yi

A makarantun reno na can, makonni kafin ranar, malamai sukan zaunar da yara su shafa wa farantin takarda jan fenti mai kalar lemo ya zama kabewa. Sukan manna auduga a kwali ta zama fatalwa, su tsoma tafin hannu a baƙin fenti su buga a takarda ya zama gizo-gizo ko jemage, su naɗe kwali ya zama hular mayya. Wuƙa aikin manya ne. Yaro fenti da gam kawai ake ba shi.

Kada mu yi saurin hukunci. Akwai alheri a cikin hanyar. Yaron da yake yage takarda, yana manna, yana riƙe almakashi, yana ƙarfafa yatsun da zai riƙe fensir da su gobe. Yana koyon haƙuri, da jiran juna, da murnar cewa ga abin da ya yi da kansa. Allah Mahalicci ya yi mu cikin kamanninsa, shi ya sa ko ɗan shekara uku yana son ya ƙera wani abu. Kabewa kuma ba ta da laifi; halittar Allah ce, muna miyar taushe da ita. Ikkilisiya ba ta tsoron takarda da fenti.

Inda damuwarmu take

Damuwarmu tana kan siffar da muke sa yaron ya yi. Ɗan shekara uku bai gama rarrabe wasa da gaskiya ba. Abin da ya zana da rana, shi yakan ziyarce shi cikin mafarki da dare. Ga kuma wani abu da ya fi wannan nauyi. A wurin yawancin Amurkawa, mayya tatsuniya ce kurum. A wurinmu kuwa kalmar maita tana da haƙora. Mun san tsofaffin mata, gwauraye marasa mai kare su, da aka ƙaurace musu saboda zargin maita. Mun san iyalai da suka rabu bayan jana'iza domin an ce wane ne ya kama kurwar mamacin. Idan muka koya wa yaro cewa mayya ita ce tsohuwa mai lanƙwasasshen baya da sanda, wace ce zai tuna sa'ad da ya ga kakar maƙwabcinsu?

Haka kuma batun matattu. A cikin kowane aji na ƙanana akwai wanda ya rasa uwa, ko uba, ko ƙane. In muka ba shi auduga ya yi fatalwa, me muka gaya masa game da mahaifiyarsa? Bangaskiyarmu ta koya mana cewa waɗanda suka mutu cikin Almasihu ba dodanni ba ne masu yawo da dare. 'Yan'uwanmu ne. Waɗansu suna gaban Allah suna roƙo dominmu, waɗansu kuma ana tsarkake su suna jiran addu'armu. Wannan ne muke shaidawa sa'ad da muka ambaci tarayyar tsarkaka. Karatun idin daga Wahayin Yahaya sura 7 yana nuna mana babban taro daga kowace kabila da harshe, sanye da fararen riguna, riƙe da rassan dabino. Wannan ce siffar da ta kamata ta fara shiga idon yaronmu.

Abin da za mu iya yi

Hani kaɗai ba ya gina yaro. Katolika na waɗansu ƙasashe sun gane haka. A birnin Paris an fara taron matasa na murnar tsarkaka a daidai wannan lokaci tun 2002, makarantun Katolika da yawa a Amurka kuma sukan sa yara su yi shigar tsarkaka. Muna roƙon katikis, da malaman Makarantar Lahadi, da Zumuntar Mata su gwada waɗannan:

Na ɗaya, kambin tsarkaka. A yanka tsohon kwali daidai kan yaro, ya shafa masa launi, malami ya rubuta sunansa na baftisma, ya ba shi labarin mai sunan cikin jimla biyu ko uku.

Na biyu, alamun tsarkaka. Mabuɗan Bitrus na kwali. 'Yar tsintsiyar Matin na Foras, wanda ya bauta wa Allah da shara da jinya a birnin Lima. Ganyen dabino domin Kizito, yaron Yuganda mai kimanin shekara 14 da aka ƙone a Namugongo a 1886 saboda sunan Yesu. Tsinkakkiyar sarƙa ta takarda domin Yosefina Bakita ta Darfur, wadda ta sha bauta, ta yafe, aka kuma ayyana ta mai tsarki a shekara ta 2000. Kada a manta da Fada Tansi ɗan ƙasarmu, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana mai albarka a 1998.

Na uku, itacen addu'a. A kafa busasshen reshe a cikin tukunya, kowane yaro ya zana tafin hannunsa a takarda, a rubuta sunan mamacin gidansu, a rataye. A kawo itacen Misa ranar 2 ga Nuwamba.

Ba sai an kashe kuɗi ba. Ƙullin rogo ya isa gam, ga karan dawa da yumɓu a wadace bayan damina. Sai dai a lura: almakashi ya zama marar tsini, kada a bar yaro kusa da kyandir, kada kuma a ba ƙanana wake ko duwatsun ado, domin sukan tura a hanci ko su haɗiye.

Iyaye, in makarantar ɗanku ta shirya Halowin, kada ku je da faɗa. Ku yi magana da malamai cikin ladabi, ku roƙa a bar ɗanku ya yi kabewa ko tauraro maimakon mayya da fatalwa. Sa'an nan ku zauna da shi a tabarma ku yi aikin tare, gama hannun uwa da na uba su ne makarantar farko.

Ubangijinmu ya tsauta wa almajiransa sa'ad da suka hana yara zuwa wurinsa. Kada mu hana su da tsoro, kada kuma mu hana su da sakaci. Mu zo Misa tare da su ranar 1 ga Nuwamba, mu kuma ziyarci makabarta tsakanin 1 da 8 ga wata mu yi wa namu addu'a.

Bari Maryamu, Sarauniyar Dukan Tsarkaka, ta yi roƙo domin 'ya'yanmu. Bari rayukan matattu masu bi su sami hutawa ta wurin jinƙan Allah. Amin.