Mai Tsaro da Ƙahonsa: Hakkin Iyaye na Koya wa Matasa Gaskiya Game da Ƙanjamau

Karatu: Ezekiyel 33:1-9

A zamanin annabi Ezekiyel, akan sa mutum guda a bisa ganuwar birni domin ya yi tsaro. Aikinsa ɗaya ne: in ya hango abokan gāba, sai ya busa ƙaho. Ubangiji ya bayyana wa annabin cewa idan mai tsaro ya yi gargaɗi mutane suka yi kunnen ƙashi, alhakinsu yana wuyansu. Amma idan ya ga hatsari ya kame bakinsa, shi za a tuhuma da ran da ya salwanta. A gidan Kirista, uba da uwa su ne masu tsaro, 'ya'yansu matasa kuwa su ne mutanen birnin. Ɗaya daga cikin abokan gāban da ke kewaya ganuwar ita ce cutar ƙanjamau.

Abokin gāba bai tafi ba

A shekara ta 1986 aka ba da rahoton farko na masu wannan cuta a Nijeriya, cikinsu har da yarinya 'yar shekara 13. Zuwa 2001, gwajin da aka yi wa mata masu zuwa awon ciki ya nuna kashi 5.8 cikin ɗari suna ɗauke da ƙwayar cutar. Ikilisiyoyi da yawa ba su manta da jana'izar samari da 'yan mata ta waɗannan shekaru ba. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna adadin ya sauko zuwa kashi 1.4 cikin ɗari a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, abin godiya ga Allah. Duk da haka, binciken ya ƙiyasta mutum wajen miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ita, kuma mata sun ninka maza. Matashin yau bai ga waɗancan gawarwaki ba, saboda haka yana iya ɗauka labarin ya wuce. Wannan mantuwa ita ce sabuwar ɓaraka a ganuwa.

Me ya sa iyaye suke shiru?

Dalili na fari shi ne kunya. Al'ada ta koya wa uba kada ya ambaci zancen jiki a gaban 'yarsa, uwa ma ta kau da kai in ɗanta ya yi tambaya. Kunya ado ce, amma kunyar da ke barin yaro cikin duhu ta zama sakaci. Dalili na biyu shi ne tsoron cewa magana za ta buɗe wa yaro ido. Gaskiya kuwa ita ce, idonsa a buɗe yake tuni: abokan makaranta da wayar hannu sun riga iyaye magana, abin da suke faɗa masa kuma cike yake da ƙarya. Masu binciken ilimi a ƙasashe da dama sun gano cewa koyarwa ta gaskiya ba ta tura matasa ga lalata.

Eli firist ne, ya kuwa ji abin da 'ya'yansa Hofni da Finehas suke yi da matan da ke hidima a ƙofar alfarwa. Ya yi magana, amma a makare, bai kuma hana su ba, hukunci ya auko wa gidansa (1 Sama'ila 2 da 3). Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ya kamata kowane matashi ya sani

Ƙwayar cutar, wadda ake kira HIV, tana karya garkuwar jiki a hankali. Mutum yana iya ɗaukarta shekaru da yawa yana da ƙiba da ƙarfi, babu alamar kome. Sa'ad da garkuwar ta raunana ƙwarai har cututtuka irin su tarin fuka suka sami ƙofa, shi ne ake cewa ƙanjamau ta bayyana. Domin haka ba a gane mai ita da ido. Gwajin jini kaɗai ke nunawa.

Tana shiga jiki ta hanyar jima'i da mai ɗauke da ita, ta ƙarin jinin da ba a tantance ba, ta allura ko reza ko askar da ta taɓa jinin wani, da kuma daga uwa zuwa jariri lokacin ciki, haihuwa ko shayarwa. Wannan ya shafi kayan wanzami, kaciya, huda kunne, da allurar da masu shan miyagun ƙwayoyi suke yi wa juna. Ba a ɗaukarta ta musafaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko cizon sauro, ko zama a benci ɗaya a majami'a, ko ƙoƙon Jibin Ubangiji. Ba maita ba ce, ba kuma jifa ba.

Har yanzu babu maganin da ake bayarwa a asibiti da ke kawar da ita daga jiki gaba ɗaya. Amma akwai magungunan da ke danne ta, waɗanda gwamnatin tarayya ta soma bayarwa kyauta a 2006. Mai shan su kullum bisa ga umarnin likita yana iya yin karatu, ya yi aure, ya tsufa. In ƙwayar ta ragu har gwaji ya kāsa ganinta, ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar jima'i. Mace mai ciki da ke shan magani tana iya haifan jariri lafiyayye. Duk wanda ya ce wa mai cutar ya zubar da maganinsa domin ya nuna bangaskiya, yana jefa rai cikin hatsari. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Kira ga tsarki

Koyarwar ikilisiya ba ta sāke ba: kamewa kafin aure, aminci a cikin aure. Manzo Bulus ya tuna wa Korintiyawa cewa jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki (1 Korintiyawa 6). Yusufu saurayi ne, bawa, nesa da idon mahaifinsa, amma sa'ad da matar Fotifar ta matsa masa, ya bar mata rigarsa ya gudu, gama tsoron Allah ya riga ya kafu a zuciyarsa (Farawa 39). Bai isa a ce wa yarinya ta kame kanta ba. Sai a koya mata yadda za ta ƙi kyautar babban mutum da ke saya mata waya ko ya biya mata kuɗin makaranta da wata manufa. A koya wa yaro kuma cewa namiji na gaske shi ne mai iya sarrafa kansa. In matashi ya yi tambaya game da kwaroron roba, kada a yi masa ƙarya: yana rage hatsarin kamuwa ƙwarai in an yi amfani da shi daidai, amma ba ya mai da zunubi ya zama adalci, ba ya kuma kāre zuciya daga rauni.

Idan abu ya riga ya faru

Da Amnon ya yi wa Tamar fyaɗe, ɗan'uwanta Absalom ya ce ta yi shiru, Dawuda mahaifinta ya husata amma bai yi kome ba, ta ƙare a kaɗaice (2 Sama'ila 13). Har wa yau akwai gidajen da ke rufe irin wannan magana domin tsoron abin kunya. Iyaye su sani akwai maganin da ke iya hana kamuwa idan an fara shi cikin awa 72, a sha har kwana 28. Yarinyar da ta san mahaifiyarta za ta saurare ta, za ta yi magana tun a daren. Wadda ke tsoron duka za ta yi shiru har lokaci ya ƙure. Haka ma matashin da ya faɗi cikin zunubi, yana bukatar tuba, yana kuma bukatar gwaji, a maimaita shi bayan wata 3.

Waɗanda suke ɗauke da ita

A cikin ƙungiyar matasa da ta mawaƙa akwai yaran da aka haifa da wannan ƙwaya. Wasunsu suna ɓoye maganinsu a makarantar kwana, wasu sun daina sha domin gudun gori. Sa'ad da almajirai suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, ya nuna musu cewa ba zunubinsa ko na iyayensa ba ne (Yohanna 9). Ya kuma miƙa hannu ya taɓa kuturun da kowa ke ƙyama (Markus 1). Dokar ƙasa ta 2014 ta haramta nuna wa masu wannan cuta bambanci, amma dokar ƙauna ta riga ta. Fasto ko dattijon da aka damƙa wa sakamakon gwaji kafin ɗaurin aure, amana aka ba shi, ba labarin kasuwa ba.

Kammalawa

Busa ƙaho ba aikin rana ɗaya ba ne. Uwa ta zauna da 'yarta, uba da ɗansa, tun suna shekara 10 ko 12, a riƙa ƙara bayani yadda suke girma. Zumuntar mata da ta maza su gayyaci ma'aikacin lafiya ya koya wa iyaye da farko. Ranar 1 ga Disamba, ranar ƙanjamau ta duniya, dama ce ga ikilisiya ta shirya gwaji, shugabanni kuma su fara miƙa hannunsu. Mai tsaro ba shi da iko a kan zuciyar mai ji, amma ƙahon yana hannunsa, za a kuwa tambaye shi.

Ubangiji ya ba iyaye hikima da ƙarfin hali, ya kiyaye matasan ikilisiyarsa, ya ta'azantar da marasa lafiya, cikin sunan Yesu Kristi. Amin.