Ɗan Musulmi da Karatun Ilmin Kuɗi Bayan Bak



Kowace shekara idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, zauren liman ba ya rabuwa da baƙi. Bana, bayan sallar la'asar, wani Alhaji mai sayar da hatsi ya tsaya mu gana, ɗansa na biye da shi. Yaron ya ci bak, kuma ransa na kan karatun tattalin arziki da sarrafa kuɗi, ko a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da fatan wata rana ya zama ma'aikacin banki. Alhaji ya ce: "Allah shi gafarta Malam, ban ɗauki nauyin lakkol shekara 13 don in kai ɗana wuta da hannuna ba." Yaron kuwa kansa na sunkuye. Mun ga ya dace mu kawo maganar a wannan shafi, domin gidajen da take ci wa tuwo a ƙwarya suna da yawa.

Tsoron Alhaji yana da tushe, kada wani ya ɗauke shi duhun kai. A ƙarshen Suratul Baƙara, daga aya ta 275 zuwa ta 279, Allah Maɗaukaki ya halatta ciniki ya haramta riba, har ya yi shelar yaƙi ga wanda ya ƙi bari. A cikin Sahihu Muslim kuma, hadisin Jabir, Allah ya ƙara masa yarda, ya nuna cewa la'anar ba ta tsaya kan mai ci da mai bayarwa ba: ta haɗa da mai rubutawa da shaidu biyu. To, ma'aikacin da ke tsara takardar bashi mai ruwa, in ba marubuci ba mene ne shi? Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa ruwan da bankuna ke ɗorawa a kan bashi shi ne ribar da aka haramta. Muna sane da cewa wasu malaman Azhar sun sassauta a 2002 game da abin da banki ke ba mai ajiya, amma mafi yawan malamai ba su bi su ba, mu ma ba mu bi su ba.

A nan sai mu ɗan ratse, saboda harshenmu yana rikita mutane. Ribar da ɗan kasuwa ke samu idan ya sayar da kaya daban, ribar da Alƙur'ani ya haramta daban. A Larabci kalmomi biyu ne, a rubutun boko suka zama ɗaya. Don haka daga nan za mu riƙa kiran haramtacciyar da sunan da kowa ya sani, wato kuɗin ruwa. Ita ma doka tana da nata ma'auni. A 2014 hukumomin kuɗin saifa sun sa iyaka: 15 cikin 100 ga bankuna, 24 cikin 100 ga ƙananan asusan bashi, abin da ya haura shi ne laifi. Ke nan mai ɗinki da ya ranci jika 500 aka ce ya ƙara jika 120 bayan shekara, a wurin doka ba a zalunce shi ba. A wurin Shari'a kuwa ko dala ɗaya aka sharɗanta a kan bashi, ruwa ne.

Sai dai da mun tsaya nan, da mun karanta wa Alhaji rabin shafi. Ayoyi biyu kawai ke tsakanin gargaɗin nan da aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, kuma ba a kan salla ko azumi ta sauka ba, a kan rubuta bashi ta sauka. Ta umarci a samu marubuci mai adalci, ta hana shi ƙin rubutawa, ta ce a rubuta ƙarami da babba tare da ajalinsa. Ashe sana'a ɗaya ce aka yi umarni da ita a nan, aka la'anci mai ita a can. Abin da ya raba su shi ne abin da alƙalamin ya rubuta. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da bakinsa ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, ya kafa hujja da tsare amana da sanin aiki, alhali sarkin ba musulmi ba ne. Sayyidina Umar kuma shi ya kafa diwani domin a san abin da ke shiga baitulmali da wanda ake ba. Saboda haka muke ganin sanin lissafin dukiya farilla ce ta kifaya: in wasu sun ɗauka an sauke wa saura, in kowa ya gudu laifi ya hau kan al'umma duka.

Mun kuwa ɗanɗana kuɗar gudun. Manyanmu na tune da rushewar bankin BDRN a 1990, bayan basussukan da aka bayar suka ƙi dawowa. Suna tune da Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar saifa da rabi, mutane suka wayi gari kuɗinsu na hannunsu amma ƙarfinsa ya tafi, da yawa ba su ma gane abin da ya same su ba. Ba sai mun je nesa ba: gado nawa ne ya raba zumunci saboda mamaci bai bar rubutu ba? Kwamitin masallaci nawa ya watse a kan kuɗin gini da ba wanda ya iya faɗin inda suka shiga? Attajiri nawa ke fitar da zakka da ka, bai san ko ya cika ɗaya cikin 40 ɗin da ke kansa ba?

Don haka muka ce wa Alhaji karatun kansa ba haramun ba ne. Ɗalibi zai koyi yadda ake lissafa ruwa, kamar yadda mai karatun likita ke koyon guba, kuma ba wanda zai iya kauce wa abin da bai san kamarsa ba. Inda maganar take shi ne aikin da za a yi da takardar. Hanyoyin kuwa sun fi yadda yara ke zato yawa. Su banki kaɗai suke hange, saboda sanyin ofis da albashin da ba ya latti. Akwai riƙe littafin lissafi na kamfani, ko asibiti, ko ƙungiyar manoma. Akwai baitulmalin gwamnati da ma'aikatar haraji da duwan. Akwai binciken lissafi, wanda aikinsa tono ɓarna ne. Asalin waɗannan duka halas ne, ko da yake jarrabawarsu ta amana ce, kuma a abin da muka gani, waɗanda cin hanci da taɓa kuɗin jama'a suka kayar sun fi waɗanda teburin bashi ya kayar yawa. Wanda ba mu da wata rangwame a kansa shi ne teburin da ake tsara bashi mai ruwa a sa hannu. Sauran ayyukan banki, irin su biyan albashi da aika kuɗi, malamai sun yi saɓani a kansu, kuma nisantar shubuha ya fi.

Akwai kuma ƙofar da ba ta buɗe wa iyayenmu sosai ba. Tun 1975 aka buɗe bankin Musulunci a Dubai, a shekarar ne kuma Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya soma aiki a Jidda. A 2014 Senegal ta tara biliyan 100 na saifa ta hanyar sukuk, a 2018 kuma babban bankin BCEAO ya fitar da ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci. A ƙasarmu ma akwai bankin Musulunci. Amma kada suna ya ruɗe mu. Murabaha ba ta inganta sai banki ya mallaki kayan da gaske kafin ya sayar. In takarda kawai aka juya aka miƙa kuɗi, ruwa ne ya sa rawani. Wa zai gane haka in ba wanda ya haɗa ilmin biyu ba? A nan laifi ya dawo kanmu, mu malamai. Ƙirali da salam da ijara da tarayya duk suna cikin Risala da Muhtasar Halil, amma almajiranmu da yawa da sun ƙare babin hajji sai ƙafa ta ɗauke, mu kuma ba mu matsa ba. Sai aka wayi gari mai fiƙihu bai iya karanta takardar banki ba, mai takardar banki bai san fiƙihu ba.

Sai a nan yaron ya ɗaga kai. Ya ce: "Malam, in na gama na shekara uku ina zaune, ba wanda ya kira ni sai banki mai ruwa fa?" Wannan ita ce tambayar gaskiya, kuma ba mu da amsar da za ta sa ta yi sauƙi, domin mun san masu digiri da ke zaune a gida. Muka ce masa: "Ɗana, wannan hukunci yau ake yanke shi, tun ciki na ƙoshe, domin ranar da yunwa ta zo kowa malamin kansa ne. Ka zaɓi reshen da ƙofofinsa suka fi yawa, kamar lissafi da bincikensa, kada ka ƙuntata kanka a reshen banki kaɗai. In lalura ta gaske ta zo, tana da hukuncinta da gwargwadonta, sai ka zo a duba halinka. Amma son mota ba lalura ba ne."

Kafin su tashi muka tambayi Alhaji yadda yake ba manoma hatsi idan damina ta yi tsakiya, rumbuna sun ƙare. Ya ce kamar kowa: buhu a watan Agusta, buhu da rabi in kaka ta yi. Muka ce rabin nan sunansa me? Ya daɗe bai ce komai ba. Muka bayyana masa cewa Shari'a ta ba shi mafita a cinikin salam: ya biya manomi kuɗi a hannu, a kan hatsi mai sanannen awo da siffa da ajali, ba tare da ya danne shi a farashi ba. Ya ce ba wanda ya taɓa gaya masa.

Muka rabu a kan cewa yaron zai yi rajista, kuma kafin a koma karatu zai riƙa zuwa bayan sallar asuba mu karanta babin ciniki na Risala. Alhaji ya ce a ba shi wuri shi ma, zai zo da littafin da yake rubuta masu bashi.