Sunan da Ba a Rubuta a Bayan Faifai Ba

Wani abokina mai gyaran rediyo ne ya koya mini sauraron ƙasan waƙa. Wata rana a shagonsa ya kunna "What's Going On" ta Marvin Gaye, ya murɗe maɓallin siririyar murya har ƙasa, ya bar mai kaurin kaɗai. Sai ga wani abu yana yawo a ƙarƙashin waƙar, yana hawa yana sauka kamar mai taka tsani cikin duhu. Na shekara da shekaru ina jin waƙar nan ban taɓa kama shi da kunne ba. Abokina ya ce, "Malam, James Jamerson kenan."

An haifi Jamerson a 1936 a jihar South Carolina ta Amurka, ya koma Detroit yana matashi, ya fara da babbar bas ta tsaye wadda mai kaɗa ta kan rungume kamar mutum. Daga baya ya koma jitar bas mai lantarki, ƙirar Fender Precision ta 1962, wadda ake kira Funk Machine. Da yatsa ɗaya yake fizgar ta, manuni. Ba ya sauya tsirkiya sai ta tsinke, ba ya goge dauɗar da gumi ya tara a wuyan jitar, don a ganinsa nan daɗin yake. Tsohuwar tsirkiya ba ta ƙyalli. Sautinta ya dushe, ya yi taushi, ya kwanta a ƙarƙashin muryar mawaƙi. Da wannan kaya ya yi shekaru a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Motown, yana kaɗa wa Temptations da Supremes da Stevie Wonder. Duniya ta yi rawa da yatsan nan ba ta san sunan mai shi ba, domin kamfanin ba ya rubuta sunayen makaɗansa a bayan faifai. Sai a 1971, a faifan nan na Marvin Gaye, aka rubuta.

Da na fara jin labarin, abin da ya zo mini shi ne karatun da aka yi mana muna yara, cewa mafificin aiki shi ne wanda aka ɓoye, kamar sadakar da hannun hagu bai san dama ta bayar ba. Jamerson ba Musulmi ba ne, amma da ma'aunin gidanmu nake awo, shi na iya. Na ce ga mutumin da riya ba ta samu ƙofar shiga aikinsa ba.

Yanzu na janye wannan magana. Ɓoyewa iri biyu ce, kuma mun saba gwamutsa su. Akwai wadda mutum ya zaɓa: ya dusar da tsirkiyarsa, ya koma baya, ya bar mawaƙi ya haskaka. Wannan tasa ce, ita ce ma ɗabi'ar bas. Akwai kuma wadda aka yi masa, inda wani ya riƙe alƙalami ya tsallake sunansa. Ikhlasi abu ne da zuciya ke yi don kanta. Ba a yi wa wani shi a madadinsa, balle mai cin ribar ɓoyewar ya yi masa. Addinin da ya ce ka ɓoye sadakarka shi ne ya ce a sallami ɗan ƙodago kafin guminsa ya bushe, kuma ga mai sana'a, suna ma lada ne: da shi ake samun aikin gobe.

Mu ma ba mu tsira ba. Kowa ya san Shata. Mutum nawa ne za su lissafa masu kalangunsa?

Abin da har yau nake juyawa shi ne ko son a ambace ka riya ne. Ina ganin mai riya yana yin aikin ne don a gani, shi kuwa Jamerson ya gama aikin, da kyau, shekara goma, ba mai kallo. Abin da ya nema daga baya shaida ce kawai.

A 1972 Motown ta koma Los Angeles, ya bi ta. Can zamani ya juya, ana son sauti mai ƙyalli da sababbin tsirkiyoyi, shi kuma ya ƙi sauya nasa. Giya ma ta ci ƙarfinsa, kiran aiki ya ragu. A 1983 kamfanin ya yi bikin cika shekara 25, ana cewa tikiti ya saya ya zauna can sama cikin 'yan kallo. A watan Agusta na shekarar ya rasu yana da shekara 47. An sa shi a zauren karramawa na Rock and Roll a 2000. Jitar kuwa an sace ta dab da rasuwarsa, da tsofaffin tsirkiyoyinta da dauɗarta, kuma ba a sake ganin ta ba.