Kafin Ka Sa Bulo a Gidan Gado

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, da kai nake, kai da mahaifinka ya rasu ya bar ka a cikin gida. Duk wanda ya zaga unguwannin Zango zai gani da idonsa: an rushe zauren ƙasa an ta da na bulo, an cire azara an buga kwano, turakar tsoho ta koma falo har da tayil. Ba mu ce gyaran gida haramun ne ba. Tambayarmu ɗaya ce: gidan nan da kake zuba wa siminti, an raba shi?

To, bari mu yi lissafi. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya maza 2, da mata 3. Bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sai a kasa abin da ya rage kashi 8. Matarsa tana da kashi 1, wato tumuni. Kowace 'ya kashi 1, kowane ɗa kashi 2. Ba malamai ne suka ƙaga ba, Allah ne da kanSa Ya yanka a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Ka gani ke nan, kai babban wa, a gidan da kake buga ƙirji kana cewa naka ne, kashi 2 kawai gare ka cikin 8. Rabin gidan cur na mata ne.

Na san abin da za ka ce. Wai ai mata suna ɗakin mazajensu, me za su yi da gida? Subhanallahi! Aure yana soke gado ne? Aya ta 7 ta wannan sura ta tabbatar wa mace rabonta, dukiyar ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Ko ka ce ai ba su tambaya ba. Yaya za su tambaya? Ƙanwarka ta taso tana durƙusa maka tana ce maka Yaya, kuma tana tsoron ran da aure zai mutu ta rasa ƙofar da za ta shiga. Shirunta kunya ce, ba kyauta ba ce. In kuwa akwai ƙananan marayu cikin magada, to ka karanta aya ta 10, ka ga yadda aka kira cin dukiyarsu cin wuta.

Inda Shaiɗan ya fi samun samari shi ne wajen gyara. Za ka yi aure, sai ka zaɓi ɗakin da ya fi kyau, ka rushe, ka gina, ba ka shawarci kowa ba. Bayan shekara 10 an zo rabo, sai ka ce kuɗina na ciki. Wa ya san darajar gidan kafin ka taɓa shi? Wa ya rubuta abin da ka kashe? Daga nan sai gaban alƙali, 'yan ɗaki ɗaya su daina gaisawa, 'ya'yansu su gaji gabar. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ci ƙasar wani da zalunci, ko da taƙi ɗaya ce, za a rataya masa ita a wuya ranar Alƙiyama har ƙasa bakwai. Taƙi ɗaya fa, ɗan'uwa, balle ɗaki da tsakar gida.

Kada kuma ka zaci daɗewa tana goge haƙƙi. Ɗan Zango ya fi kowa sani: shekaru masu yawa gidan sarautar Daura ya yi a garin nan bayan Jihadi, amma bai mance da gidansa ba, har Malam Musa ya koma a farkon zamanin Turawa. Jikokin ƙanwarka ma ba za su mance ba.

Saboda haka kafin ka kira magini, kira magada. A tara kowa, mata su zo da kansu, ba a aika musu ba. A samo malamin da ya san fara'il, da masu sanin kuɗin gida, a ƙiyasta shi yadda tsoho ya bar shi. In kana son zama a ciki, sayi rabon sauran da yardarsu, ko da biyan kaɗan-kaɗan ne, a rubuta a sa shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta koyar game da bashi. Wadda ta yafe, ta yafe bayan ta san nawa ne nata.

Af, in an zo rusau ka tarar da laya a saman ƙofa ko ƙaho a gindin bango, kada ka mayar da su cikin sabon gini. Ka nema wa tsoho gafara, sannan magini ya ci gaba da aikinsa.