Shin tambayar “nawa za a ba ni?” rashin tawakkali ce?

Ranar 18 ga Afrilu, 2019, ɗan Daura Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai mafi ƙarancin albashi naira 30,000, bayan doguwar taƙaddama da Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC. A Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya ɗaga shi zuwa 70,000. Sai dai dokar ta tsame duk wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka ma masu aikin gona na damina.

A masarautar Daura kuwa waɗanda aka tsame ɗin su ne suka fi yawa: ɗan ƙwadagon da ke saɓa fartanya da asuba a ƙauyukan Baure da Zango, ɗan dako a kasuwar Mai'aduwa, yaron shago da ke buɗewa kafin maigida ya tashi. Da yawansu ba a yanka musu lada kafin su fara. Abin da ake cewa shi ne, “Je ka kama aiki, ba za mu ɓata ba.” In yaro ya daure ya tambaya, sai a ce ba shi da ta-ido, a tuna masa cewa arziki na Allah ne.

Arziki na Allah ne, babu ja. Amma littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake biyawa a zaurukan malamai, ya gindaya wa ijara sharaɗi: a yanka wa'adi, a ambaci lada. A Suratul Ƙasas, dattijon Madyana da ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki ya faɗa masa shekara takwas ne, in ya cika goma ganin damarsa ne, ya ƙara da cewa ba ya nufin tsananta masa. Annabi guda ke nan, kuma ba a bar shi cikin duhu ba. A Bukhari an ruwaito cewa wanda ya ci gumin ɗan ƙwadago ya hana shi lada yana cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi jayayya da su ranar Ƙiyama. Ashe mai tambayar ladansa sharaɗin Shari'a yake cikawa, wanda ya ƙi faɗa ne ya ɓata cinikin.

Inda maganar ta fi wuya shi ne watan Agusta, lokacin marka. Rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, magidanci ya bar tasa gonar ciyawa na cin ta ya tafi ta wani don ya samo awon yini. Duk abin da aka yanka masa zai ce ya yarda. A gaban alƙali cinikin ya ƙullu. Amma yardar da yunwa ta tatso ba ta wanke mai gona, domin ya san abin da ake biyan irin wannan aiki a garin, ya kuma san abin da ya sa mutumin ya karɓi ƙasa da haka.

Amfanin ƙungiya ke nan: tambayar da mutum ɗaya ke jin nauyin yi, jama'a su yi ta da baki ɗaya. Malaman makaranta na da NUT, direbobin tasha na da NURTW, mahauta da maƙera na da sarakunansu tun zamanin da. 'Yan ƙwadagon gona da yaran shago ne ba su da mai magana da yawunsu, kuma limaman Juma'a na masarautar za su iya fara wannan magana tun kafin a yi shuka.