A Gina Rawani Kafin Wani Ya Faɗo



A Maimaitawar Shari'a 22:8, Ubangiji ya umarci mai gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani, don kada wani ya faɗo, alhakin jini ya hau kan gidan. Ku lura, tun ranar gini ake yin rawanin.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta ba sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ikon duba wuraren aiki. Ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata, wato NECA, kuwa ta haɗa kai da hukumar NSITF bisa raɗin kanta don rage haɗari. Wannan abin koyi ne.

Kai mai shagon walda a Sabon Gari, da kai ɗan kwangilar gini a Samaru, kada ku jira sai sufeto ya zo. Ku gayyace shi, ku nuna masa wayar lantarki da tsani da inji, ku gyara abin da ya ce. Ku saya wa yaranku gilashin walda da safar hannu. Toshiya takan rufe bakin sufeto, amma ba ta mayar da idon yaro.

Ubangiji ya kiyaye mu. Amin.