An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk wanda ya kalli Homeland, shirin leƙen asirin nan na Amurka da tashar Showtime ta fara nunawa a 2011, ya san akwai mutanen da suka isa a tsana a cikinsa. Akwai Abu Nazir, jagoran 'yan ta'adda. Akwai mataimakin shugaban ƙasa Walden, wanda ya amince da harin jirgi marar matuƙi da ya kashe yara 'yan makaranta, aka kuma binne maganar. Akwai Nicholas Brody kansa, sojan Amurka da ya yi shekara takwas a hannun Alƙa'ida, ya dawo gida ana yi masa kallon gwarzo alhali an riga an juya shi. Amma da za ka bi abin da 'yan kallo suka riƙa faɗa a lokacin, wadda suka fi jin haushi ita ce Dana, 'yar Brody, yarinya mai shekara goma sha shida. Wai ta cika ƙunƙuni, kullum fuska a murtuke, tana ɓata wa mutane lokaci. Har shirin barkwanci na Saturday Night Live sai da ya kwaikwaye ta aka yi dariya.

To me yarinyar nan ta yi? Ubanta ya ɓace tana 'yar shekara takwas, an ce mata ya mutu, ta girma a haka, rana ɗaya ya dawo ya zama baƙo a gidansa. Ita ta fara ganinsa yana salla a ɓoye cikin gareji, ta kuma rufa masa asiri. Ranar da ya ɗaura rigar bam zai tashi manyan gwamnati, wayar da ta buga masa, tana roƙon ya yi mata alkawarin zai dawo gida, ita ta hana shi dannawa. A zango na biyu, tana cikin mota saurayinta, ɗan mataimakin shugaban ƙasa, ya buge wata mata ya gudu, matar ta mutu. Masu iko suka haɗa baki a rufe, ita kuwa ta dage a je wajen 'yan sanda. Da duniya ta san ko wane ne ubanta, ta yi yunƙurin kashe kanta, daga baya ta sauke sunansa ta ɗauki na mahaifiyarta, ta koma aikin share ɗakuna a wani ƙaramin otal.

Wannan shi ne tarin laifinta. Ba ta kashe kowa ba, ba ta ci amanar kowa ba.

A yi adalci, masu ƙorafi suna da 'yar hujja. Mutum ya dawo aiki a gajiye, ya kunna talabijin don ya ga yadda za ta kaya tsakanin Carrie ta CIA da Brody, sai a ɗauke shi a kai shi wajen soyayyar yara. A zango na uku marubutan sun ja labarinta ya yi tsawo ba dalili. Wannan kuskuren masu rubutu ne, kuma halal ne a faɗa. Sai dai gajiya daban, ƙiyayya daban. Wanda ya gaji yakan tura gaba ne ya wuce wurin. Abin da aka yi wa Dana ya wuce haka, zagi ne irin wanda ake yi wa wanda ya taɓa maka wani abu.

A ganina abin da ta taɓa shi ne wannan. Tun kusan farko an sa mu cikin sirrin Brody. Mun san abin da matarsa ba ta sani ba, gabanmu yana faɗuwa idan za a kama shi, muna sauke ajiyar zuciya idan ya tsira. Ba mu ankara ba mun zama abokan ƙaryarsa. Wanda kuwa ya shiga ƙarya, ko da kallo ne, babban maƙiyinsa shi ne mai tambaya. Dana ita ce mai tambaya a gidan. Ta ga alama, ta ƙi yin kamar ba ta gani ba. Abin da ya faru da Paige ke nan a shirin The Americans, wadda iyayenta 'yan leƙen asirin Tarayyar Sobiyet ne masu shigar Amurkawa: su suna kisa ana tafa musu, ita da ta nemi a gaya mata su wane ne iyayenta, 'yan kallo da yawa suka ce ta cika naci.

Akwai kuma abu na biyu, wanda aikin jinya ya koya mini. Muna son ciwo mai ladabi. Majinyacin da ya kwanta shiru yana "na gode, sannu da aiki", kowa na son shiga ɗakinsa. Wanda ke faɗa, yana ture magani, sai a ce mai wuyar sha'ani ne, alhali sau da yawa shi ya fi tsorata. Damuwar matashi ba kasafai take zuwa da hawaye masu ban tausayi ba. Da buga ƙofa take zuwa, da amsa a gajarce, da kwana a ɗaki, da faɗuwa jarrabawa. Masu shirin sun nuna wannan yadda yake, mu kuma muka kira shi rashin kunya.

Yanzu mu dawo gidajenmu, mu da muke zaune a ƙasashen mutane. Mu Hausawa mun san darajar rufin asiri, mun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne. Ba kowace magana ce ta yaro ba. Amma rufin asiri abu ne da babba ke ɗauka don ya sauƙaƙa wa yaro. Idan aka juya, aka ɗora wa yaro don babba ya huta, ya tashi daga sutura ya koma zalunci. Nawa ne cikin 'ya'yanmu aka ce wa, "Kada ki kuskura ki gaya wa kowa babanki ba ya aiki"? Nawa ne suka san akwai amarya a gida kafin uwarsu ta sani, don sun ga saƙo a waya? Nawa ne aka kai asibiti su yi wa uwa tafinta, suka ji sunan cutar kafin ita? Yaro ya haɗiye duk wannan, sannan in ya fara ɗaure fuska sai mu ce, "Yaran Turai ke nan, ba tarbiyya." Mu muka ɗora kayan, mu ke jin haushin nishin.

Ba ina cewa a zauna a zazzage wa yaro komai ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, wannan karin magana na nan daram. Amma hangen nesa bai ba ka izinin ƙaryata abin da yaro ya gani a gabansa da idonsa ba. Idan ta zo ta ce, "Baba, akwai abin da ke faruwa ko?" kana iya cewa, "Akwai, Mamana, amma ba naki ba ne ki ɗauka, in lokaci ya yi zan gaya miki." Wannan amsa ta rufe sirrin, ta kuma bar wa yarinya amincewa da hankalinta. Wadda ke kashewa ita ce, "Ba komai, ke dai kin cika sa ido." Daga ranar za ta fara shakkar ko dai idonta ko dai ubanta, kuma duk wanda ta zaɓa ta yi asara.

Biyayya ga iyaye wajibi ce, ba mai musu. Amma yaron da ya ƙi shiga ƙarya tare da mu, tarbiyyar da muka ba shi ce take aiki, ko da a kanmu ta faɗo. Idan akwai mai murtuke fuska a gidanka, kafin ka ɗaga murya, zauna ka lissafa abin da ta sani wanda aka hana ta faɗa.